Gilasan da Dogo Ya Bari

Yaya,

Gaisuwa mai yawa gare ki da maigidan da yara. Ya ƙafar taki? In har yanzu tana kumbura da yamma, ki rage tsayuwar nan a gaban famfon asibiti kamar ke kaɗai aka ɗora wa wankin kayan duniya. Ni jikina lafiya ƙalau. Sauran kuwa ba sai na faɗa ba.

Na san kin yi ta kira ba ki same ni ba. Kada ki yi fushi, wayar tana cikin durowa tun da na dawo bakin aiki. Duk wanda ya kira sai ya ce "ya haƙuri", ni kuwa haƙurin ya ƙare, sai muryata ta tsinke a kunnen mutum. Takarda ta fi mini sauƙi, in na jiƙa ta sai in ɗauko wata.

Maganar kwalbar nan ce ta sa na rubuto. Kin tuna ranar da aka karɓi gidan hayarmu, na kwaso kayan maigidana Malam, Allah ya jiƙansa, na jibge miki a ɗaki? Kakanninmu ne kawai suka haɗa uwa, amma ƙofarki na nufa ban yi shawara da kowa ba. A cikin kayan akwai kwalba mai faɗin baki, murfinta a liƙe, da 'yan gilasai a jere a ciki irin naku na gwajin jini. A lokacin ko kallonta ban iya yi ba, balle in taho da ita. Yanzu da hankalina ya fara dawowa, da ita nake kwana nake tashi.

Bari in gaya miki abin da ke ciki, tunda kullum kina cewa ni da mijina mun tsufa muna wasa da ruwa. Kowane sinadari da nasa ƙarfin tsami. In yana yawo a cikin ruwa, auna tsaminsa ba wuya, ɗalibi ma zai yi. Amma in ƙwayoyinsa suka manne a jikin abu mai tauri kamar gilashi, suka jeru kafaɗa da kafaɗa, sai halinsu ya sauya. Ba dama kuma ki tsoma ma'auni a ciki, don shimfiɗar tasu ido ba ya ganinta sam. Dabararmu ita ce ɗigo. Sai mu haɗa ruwa iri-iri, tun daga mai tsami kamar lemo har zuwa mai kanwa-kanwa, mu riƙa ɗiga su ɗaya bayan ɗaya a kan gilashin, na'ura tana ɗaukar hoto. Ɗigon farko yakan tsaya a dunƙule. Ana tafiya ana tafiya sai a zo kan wanda zai baje ya kwanta. Inda ɗigo ya kwanta, nan muke gane tsamin abin da ke manne.

Malam ya haɗa wani sinadari da hannunsa, shekaru yana fama da shi. Ya ce in aka manna shi a gilashi, ɗigon ba zai kwanta inda littattafai suka ce ba, sai can gaba da nisa. Ya faɗi haka a wani taro, manya suka yi masa dariya, wani ma ya ce gilashinsa ne bai wanku ba. Ya dawo gida ya ci abincinsa. Tsohuwar na'urarmu ba ta da idon raba gardama, shi ya sa na riga shi zuwa garin nan neman izinin aiki da ta mutanen nan, shi kuma ya tsaya ya shirya gilasan ya biyo ni. Ya shirya su da ragowar garin sinadarin kaf, ya rufe kwalba, sai ciwon ya kayar da shi. Daga nan kin fi ni sani, ke kika riƙe kansa kafin in iso.

Yaya, gilasan nan su kaɗai suka rage da za su nuna gaskiya ya faɗa. Don Allah ki ɗora kwalbar inda yara ba sa kaiwa, inda rana ba ta bugu.

Ƙanwarki

*

'Yar Ɗigo,

Takardarki ta iso. Na karanta da fari ina kuka, na sake karantawa ina zaginki. Wato ni ma cikin masu "ya haƙuri" kika sa ni, kika kulle ni a durowa? Allah ya shirye ki. Ƙafa da sauƙi, na samu kujera mai tsawo ina wanki a zaune kamar wata manaja. Yara lafiya, maigidan yana gaishe ki. Ke kuma ki ci abinci, don na san halinki, ruwan zafi za ki sha ki ce kin ƙoshi.

Kwalba tana saman kwabet ɗin ɗakina, can lungu, na kewaye ta da tsofaffin zannuwa. Na tara yaran na ce duk wanda ya ko nuna ta da yatsa zai gane ba shi da wayo. Na leƙa ta jikin kwalbar na kalli gilasan nan har idona ya yi yaji, ni dai ban ga komai a kansu ba, farare tas. Amma tunda kun ce akwai, akwai.

Shi kuwa wanda ya ce gilashin Dogo, Malam ɗin naki, bai wanku ba, da a gabana ya faɗa da ya san ruwa ba sa'an kwando ba ne. Maganar ta ba ni haushi. Ni da na tsufa ina wanke gilasan asibiti, ban taɓa ganin mai tsabtar mijinki ba. Kin tuna ranar da ya yanke babban yatsansa wajen yankan gilashi? Ya zo mini asibiti jini na bin gwiwar hannunsa, ni hankalina ya tashi, shi kuwa tambayata yake wai almakashin nan an dafa shi kuwa. Ni na riƙe hannun aka yi masa ɗinki, tabon ya zauna a gicciye. Duk sanda ya zo gidan nan sai ya ɗaga mini yatsan ya ce, "Yaya, ga aikinku." Kai, Dogo! Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa.

Na shirya sauran kayan nasa cikin akwati. Rigunan na wanke na goge, takalman na ba su mai. A aljihun farar rigarsa ta aiki na tarar da gidan tabarau, amma ba tabarau a ciki, sai wani gilashi guda irin na kwalbar, an yi masa jar alama a kusurwa. Shi ma na aikin ne? In sa shi kusa da 'yan'uwansa ko yaya?

Kina da maƙwabta kuwa a can, ko daga ke sai na'ura? Ki nemi mace ko guda ɗaya da za ki riƙa yi wa sannu. Bango ba ya amsa gaisuwa.

Yayarki

*

Yaya,

Na ji daɗin labarin kujera, Allah ya ƙara sauƙi. Ki gaida kowa. Ina cin abinci, kada ki sa a kama ni. Maƙwabciya kuma akwai, wata tsohuwa mai kyanwa, muna gaisawa a matakala.

Gilashin gidan tabarau ki jefar. In Malam ya yi wa gilashi jar alama, ya ɓaci ke nan, ba ya da amfani. Ban san abin da ya sa ya adana shi ba, wataƙila ya mance ne.

An ba ni na'urar. Ɗakin ƙarami ne, ba taga, sanyi kamar cikin firji, ga fitila fara ƙal. Ina shiga da hula da safar hannu da takunkumi, in kin gan ni sai ki ce tiyata za ni. Gilashi ba a taɓa shi da hannu, da hantsaki muke ɗauka. Yaya, aikin nan gaba ɗayansa tsabta ce. Ƙura ƙwaya ɗaya, ko danshi, ko maiƙon yatsa, sai ɗigo ya yi miki ƙarya. Malam yakan ce rabin iliminmu wanki ne, ni kuwa in ce to ai da Yaya aka ba digirin.

Akwai abin da ban gaya miki ba. Na yi ta ƙoƙarin sake haɗa sinadarin nasa a nan, don kada in dogara ga kwalba ɗaya. Matakan duk na san su, a gabana ya yi su. Amma kullum in na zo na ƙarshe sai abin ya koma baƙin danƙo a gindin kwalba. Shi da ido yake gane lokacin saukewa, ya karkata kai kamar mai sauraron tafasar tukunya, ya ce, "Yanzu." Na sha tambayarsa yadda yake ganewa, sai ya ce zai nuna mini in mun samu sarari. Jiya na sake ɓatawa, na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Ban taɓa jin haushinsa ba sai jiya.

Kin ga ke nan babu wasu gilasan sai na ɗakinki. Akwai abokin aikinmu, Mai Gemu muke ce masa, zai zo taro garinku nan gaba, yana da akwatin da ake ɗaukar irin wannan kaya. Shi zai karɓo mini. Kafin nan ki riƙa leƙa mini 'yan duwatsun da ke ƙasan kwalbar. Shuɗaye ne, aikinsu shan danshi. In sun sauya launi ki gaya mini.

In aka auna aka ga ɗigon ya tsaya inda ya ce, sunansa zan sa a gaba, nawa a baya. Shi ke nan abin da nake so.

Ƙanwarki

*

'Yar Ɗigo,

Lafiya muke, da fatan ke ma haka. Yau ba doguwar gaisuwa, hankalina a tashe yake.

An yi mana ruwa kamar da bakin ƙwarya, rufin ɗakina ya yi yoyo, kuma don tsiya daidai saman kwabet. Ina wajen aiki, kafin in dawo zannuwan sun jiƙe sharkaf, ruwan silin mai datti ya bi jikin kwalbar. Na sauko da ita na goge bayanta. Murfin yana nan a liƙe, amma duwatsun nan da kika ce shuɗaye, na gefe sun koma ja-ja. Da na ɗaga ta a haske kuma kamar ina ganin hazo-hazo a ciki, ban sani ba ko idona ne.

Na kira wayarki har yatsana ya gaji, tana nan a durowarki tana barci. Kin ce danshi yana ɓata aikin. Me zan yi? In bar su a cikin danshin suna lalacewa ina kallo? Don girman Allah ki amsa da wuri. Ko wajen aiki ba na iya tsayawa, yau har na fasa kwalbar fitsarin wani bawan Allah, aka sa shi ya sake kawowa.

Yayarki

*

'Yar Ɗigo,

Sannu da shiru. Mu dai lafiya, an gyara rufi, ƙafa ma ta bar ni na huta. Kullum sai na aika a duba akwatin gidan waya, ko ƙyallin takardarki babu. Na yi fushi, daga baya na ce ƙila aiki ne ya sha kanki. To ki kwantar da hankalinki, an gama komai.

Duwatsun nan kullum ƙara ja suke yi. Sai na ɗauko takardarki na sake karantawa, na ga inda kika ce aikin gaba ɗayansa tsabta ce, rabin iliminku wanki ne. Na ce ashe gidana aka zo! Ina zaune da sana'ar a hannuna, in bar gilasan Dogo su isa gaban mutanen nan da danshin silin ɗina, wani ƙato ya sake cewa ba su wanku ba? Ba da ni ba.

Na sa kwalbar a jaka na tafi da ita asibiti, a cinya na riƙe ta har muka isa. Na jira aka tashi hutun rana, ɗakin wanki ya zama nawa ni kaɗai. Murfin ya ba ni wahala, sai da na sa bakin wuƙa. Ko ɗaya ban taɓa da hannu ba, safa na sa sabuwa, da hantsaki na ɗauke su kamar yadda kika ce kuna yi. Na jiƙa su a ruwan sabulu mai ɗumi, na bi kowanne da lallausan burushi, gaba da baya. Na ɗauraye da tataccen ruwa, na bi da sifirit, sannan na sa su a tukunyar tururi tare da kayan tiyata. A hankali na yi, don na tuna akwai abin da kika ce yana manne, kuma abin da ya manne ai ya manne, datti ne kawai zai fita.

'Yar Ɗigo, ki zo ki ga ƙyalli! Ko shugaban ɗakin gwajinmu da ya leƙo sai da ya ce bai taɓa ganin gilashi ya fita haka ba. Ina yi ina yi wa Dogo addu'a. Tun da ya rasu ban samu abin da na yi masa ba sai yau, har na ji nauyin ƙirjina ya ragu.

Na naɗe su a sabon bandeji na sa a gwangwani mai murfi. Mai Gemun naku ya zo duk sanda ya ga dama. Ladan wanki kuma turare nake so, mai kyau, ba irin na bara ba.

Yayarki

*

Yaya,

Ki yafe mini shirun nan. Da fatan kuna lafiya, kuma yoyon bai yi muku ɓarna da yawa ba. Rashin lafiya na yi. Bayan ɓatawar nan ta ƙarshe zazzaɓi ya rufe ni, da ya sake ni kuma na kasa tashi, na ja labule na kwanta. Tsohuwa mai kyanwa ce ta riƙa turo mini abinci. Wasiƙuna a ofis ake ajiyewa, sai yau da na fita na ga taki ta maganar ruwa.

Ki kwantar da hankalinki, ba abin da ya faru. Jan da duwatsun suka yi alama ce suna aikinsu, su suke shanye danshin don kada ya kai ga gilasan. Kafin su ƙoshi da sauran lokaci mai tsawo. Laifina ne da ban yi miki bayani ba. Abu ɗaya kawai, kada a buɗe murfin ko da wasa. Iskar da ke ciki ba irin tamu ba ce, Malam ne ya ɗura ta ya liƙe. Ki mayar da ita wuri busasshe ki manta da ita. Mai Gemu ya kusa tasowa.

Na ji ƙarfi yau, har na je na share na'urar na haɗa ruwan gwajin, na jera su a kan teburi.

Ina shirin liƙe ambulan aka miƙo mini takardarki ta biyu.

Yaya, me kika yi? Innalillahi. Sabulu? Burushi? Wa ya aike ki? Wa ya ce ki buɗe? Kafin a manna ake wankewa, ba bayan an manna ba! Abin da kika wanke shi ne aikin. Shekarun mutumin nan kika zuba a rariyar asibiti, kina murna, har kina neman turare. Na ba ki ajiya don na ɗauka a duniya ke ce ba za ki cuce ni ba. Da na sani da a bola na bar kwalbar, bola ba ta da burushi. Sau biyu ke nan yana mutuwa a hannunki ba na nan.

Kada ki rubuto mini.

*

Ƙanwata,

Kin ce kada in rubuto, na yi ta haƙuri, yau na kasa, don Mai Gemu ya zo kuma ba zan ba shi kaya baki alaikum ba. Da fatan zazzaɓin bai dawo ba. Mu nan ga mu nan dai.

Na karanta takardarki a tsaye a bakin gidan waya. Ba zan ce miki komai don in kare kaina ba. Kin rubuta a fili cewa abin yana manne ido ba ya gani, na karanta da idona. Hannuna ne ya fi kaina sauri. Duk rayuwata in na ga gilashi abu ɗaya na sani, in abu ya dame ni kuma wanki nake yi, ko ranar da uwata ta rasu sai da na wanke tukwanen gidan kaf. Na so in yi wa Dogo hidima ne, na kashe masa aiki.

Maganarki ta ƙarshe kuwa ta shige ni. Ranar da na riƙe kansa, sunanki yake kira, ni ina ce masa kina hanya. Ban taɓa gaya miki ba don kada in ƙara miki. Ban san zan zo in zama abin da za ki riƙa tunawa da baƙin ciki ba.

Ban koma aiki ba. Na je sau ɗaya, na ga gilasai jere a cikin ruwan sabulu, na cire safa na fito. Sun ɗauka ƙafar ce, na bar su a haka.

Mai Gemu mutumin kirki ne. Ya buɗe gwangwanin ya duba, ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Na tambaye shi ko akwai abin da ya rage ko kaɗan, ya ce sai an gwada. Na san irin wannan amsar, likitocinmu ma haka suke cewa.

Na haɗa masa da gidan tabaran nan. Kin ce in jefar, na kasa, abin Dogo ne. Shi kam ban wanke shi ba, tunda kin ce ba ya da amfani. Ko da na ɗaga shi ranar farko a gefe-gefe na riƙe, yadda aka koya mana. Ki jefar da kanki in kina so.

Ba na cewa ki yafe. Ki dai ci abinci.

Yayarki, in har yanzu kin yarda

*

Yaya,

Ina gaishe ki. Ya ƙafa, ya yara, ya maigidan? Ni na warke, zazzaɓin bai dawo ba.

Kaya sun iso. Na shiga ɗakin na'ura na gwada su duka, don kada in bar wa zuciyata ƙila-wa-ƙala. Na ɗiga mai tsami, ya baje nan take. Na ɗiga na tsakiya, ya baje. Har na ƙarshe, ba wanda ya ko yi niyyar tsayawa. Haka ruwa yake yi a kan gilashin da ba komai a kansa. Kin iya wanki, Yaya, ko ƙwaya ɗaya ba ki bari ba.

Na gaya wa shugaban sashe na mayar da na'urar. Ba za a rubuta komai ba. Wanda ya yi wa Malam dariya zai mutu yana ganin shi ne da gaskiya, ni kuma ba zan taɓa sanin inda ɗigon nan zai kwanta ba. Wannan ciwon ba zan ɓoye miki ba, yana nan, kuma ban ga ranar warkewarsa ba.

Amma maganar da na gaya miki ta ƙarshe, bakina ya yi kaifi. Ke kika riƙe kansa lokacin da ni ina nan ina neman izinin na'ura. Ni na kulle waya a durowa, ni na rubuta miki rabin bayani na kwanta na ja labule. Kwalbar nan mu biyu muka buɗe ta. Yau na ciro wayar na sa ta a caji.

Gidan tabaran sai da na gama komai na buɗe, niyyata in jefa gilashin a kwandon fasassu. Na ɗaga shi da hantsaki ina neman abin da ya sa ya yi masa jar alama, ban ga tsaga ba, ban ga ƙura ba. Na riga na cire takunkumi, sai numfashina ya sauka a kai. Yaya, babban yatsansa ne. Zanen ya fito sarai a tsakiyar gilashin, ga tabon nan naku a gicciye. Mutumin da bai taɓa taɓa gilashi da hannu ba. Ashe a kwanakin ƙarshe hannunsa ya fara rawa, gilashin ya suɓuce ya tare shi da yatsa, bai gaya mini ba don kada in baro aikin in dawo. A haka ya gama sauran, da wannan hannun.

Mai Gemu ya ce gefen da yatsan bai taɓa ba ƙila ya ɗauki ɗigo ɗaya ko biyu, ko da yake iska ta daɗe tana cinsa, kuma ba mai yarda da sakamakon. Na ɗauki sirinji, na ajiye. Ruwan zai gangara kan yatsan ya share zanen.

Ki koma aiki, don Allah. Marasa lafiya suna buƙatar gilashi mai tsabta, kuma ba wanda ya kai ki. Turarenki yana hannun Mai Gemu in ya sake zuwa. Na gode da kika ƙi jin maganata kika ƙi jefarwa.

Gilashin yana nan kan teburina a cikin gidansa. In na hura masa numfashi sai yatsan ya fito, in na bari sai ya ɓace. Tun safe nake hurawa.

Ƙanwarki